Jini a Kan Asuwaki: Daga Dasashi Zuwa Gaɓɓai

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwar yau ta musamman ce ga mutanen Fakku da Kuchi da Kebbe, da na Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, waɗanda ke zaune a gida da waɗanda suka rataye rediyo a reshen bishiya suna aikin gona.

Da tambaya zan fara. Malam, yau da asuba da ka yi asuwaki ka tofar, me ka gani? Inna, ke fa? In fari ne tas, madalla. In kuwa da ja a ciki, ko kan asuwakin ya rine, to kada a kashe rediyo, don yau da ku muke. Na san abin da akasarinmu ke cewa: asuwakin ne ya yi tauri, ko na danna da ƙarfi. Wasu ma cewa suke mataccen jini ne, gara ya fita. Lafiyayyen dasashi ba ya zubar da jini don an goge shi, kamar yadda fatar hannunka ba ta jini don ka cuɗa ta da soso. Inda duk jini ya fito, akwai rauni a wurin. Kuma cikin 'yan shekarun nan masu bincike sun bi sawun wannan rauni har suka iske shi a wurin da ba wanda ya zata, wato a cikin gaɓɓan yatsu da wuyan hannu da gwiwa. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Magana suke nufi, amma ga shi likitoci sun zo suna ba karin maganar wata fassara.

Bari mu fara raba ciwon gaɓɓai gida biyu, domin a wurinmu duk sunansu ɗaya, ko a ce sanyi ko a ce amosani. Akwai na zaizayewa, wanda shekaru da aikin ƙarfi ke kawowa. Dattijon da ya shekara arba'in yana duƙe da fartanya, ko tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a daka da jan ruwa a rijiya, gurunguntsin gwiwarsu kan cinye kamar yadda bakin galma ke cinyewa. Wannan in an yi aiki ya fi tashi, in an huta ya lafa.

Na biyun halinsa daban. Likitoci na kiransa amosanin rumatoyid. Shi ba ya jiran tsufa, yakan kama mace tana da shekara talatin da goyo a bayanta. Ƙananan gaɓɓai ya fi so: yatsun hannu, wuyan hannu, yatsun ƙafa, kuma dama da hagu a tare. Babbar alamarsa ita ce safiya. Mace ta farka hannuwanta sun sage, ba ta iya dunƙule su, ba ta iya riƙe buta ta yi alwala, ɗaurin zane ma sai 'yarta ta taimaka mata. Sai an yi awa guda ko fiye, rana ta ɗaga, sannan su saki. Gaɓɓan sun kumbura, da ɗumi in an taɓa, ga gajiya kamar an yi mata duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

An daɗe ana ɗauka cutar Turawa ce. Wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya ya shafe shekarun 1970 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, ya rubuta a 1968 cewa irin waɗannan cututtuka ba su cika yawa a tsakanin 'yan Nijeriya ba, har ya yi tunanin ko yawan fama da zazzaɓin cizon sauro ne ke hana su tasiri. Tambaya ce mai kyau a zamaninta. Amma da aka samu likitocin gaɓɓai 'yan ƙasa suka buɗe ɗakunan duba marasa lafiya, sai ga masu cutar suna ta zuwa. Ni a ganina da yawansu da ma suna nan, a ɗaka suke, an ce sanyi ne ko sammu, ba wanda ya ƙirga su.

To me ke kawo ta? A nan sai mun shiga cikin jini. A jikin kowannenmu Allah Ya ajiye rundunar tsaro, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira garkuwar jiki. Mafi yawansu wasu ne da ake kira nutrofil, sun fi rabin fararen ƙwayoyin gaba ɗaya. Su ne 'yan sintirin gari, su ke fara isa duk inda aka yi kururuwa. Mugunyar da kake gani a maruru, yawancinta gawarwakinsu ne bayan an gwabza. A 2004 masana a birnin Balin na Jamus suka gano wata dabararsu mai ban mamaki: in yaƙi ya yi zafi, nutrofil kan fasa cikinsa ya watsa wani zare mai danƙo, ƙwayoyin cuta su maƙale a ciki, kamar yadda masunci ke jefa birgi. Bayan su akwai wata runduna da ba ta zuwa fagen fama da kanta, aikinta ƙera makamai da ajiye tarihin abokin gaba. In ta ga fuska sau ɗaya ba ta mantawa. Wannan rashin mantuwa shi ne sirrin allurar rigakafi.

Yaya rundunar ke bambanta ɗan gida da baƙo? Da alama take ganewa, kamar yadda kakanninmu ke duban tsagar fuska su ce wannan Bakabe ne, wancan Bagobiri. Kowane sashe na naman jikinka yana ɗauke da tsagar gidanku. Matsalar tana farawa ne ranar da wani abu ya sauya tsagar. Akwai wani sauyi ƙarami da ke iya faruwa a kan sinadaran gina jiki, inda wani ɓangare mai suna arjinin ke rikiɗewa ya koma wani mai suna sitrulin. Ga yawancin mutane wannan ba ya jawo komai. Amma ga wanda ya gaji wani irin jini, rundunar kan dubi sabuwar tsagar ta ce wannan ba namu ba ne, ta ƙera masa makami. Daga nan duk inda ta ga mai irin wannan tsaga sai ta far masa, kuma a cikin shimfiɗar gaɓɓai akan same su. Shimfiɗar ta kumbura, ta yi kauri, ta fara cin gurunguntsi da ƙashi. Da ɗan gari akan ci gari. Waɗannan makamai ana iya ganinsu a gwajin jini shekaru kafin gaɓa ɗaya ta fara ciwo, abin da ya sa masana suka ce ashe ba a gaɓar wutar ke tashi ba, daga wani wuri take zuwa. Wuraren da aka fi zargi su ne huhun mai shan taba, da hanji, da kuma baki.

(Gajeren kiɗa)

Ga wanda ya kunna rediyo yanzu, muna magana ne a kan jinin dasashi da alaƙarsa da ciwon gaɓɓai.

Ku sa harshe ku shafa bayan haƙoranku na ƙasa. In kun ji wani abu mai kaushi kamar tsakuwa, wannan ba haƙori ba ne. Dattin nan ne mai laushi da ke taruwa a gindin haƙori kowace rana, wanda cike yake da ƙwayoyin cuta. In ba a goge shi ba, ma'adinan cikin miyau kan daskarar da shi ya zama dutse, kuma daga nan ba asuwaki ba buroshi, ba mai iya ɓamɓare shi. Dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya fara jini. A wannan mataki ana warkewa sarai. In aka bar shi, dasashin kan janye daga jikin haƙori, aljihu ya buɗe a tsakani, ƙwayoyin cuta su gangara ciki inda iska ba ta kaiwa, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya riƙa narkewa. Baki ya yi wari, haƙora su yi tsawo, su fara girgiɗi, wata rana mutum na cin tuwo ɗaya ya faɗo ba tare da ya taɓa yin kogo ba. Sai a ce tsufa ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce masu wannan ciwo a matakinsa mai tsanani sun kai mutum biliyan guda. Mugun halinsa shi ne ba ya zafi sai ya yi nisa. Da a hannu gyambon yake, kullum ana ganinsa, da tuni an je asibiti.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin ƙwayoyin da ke zama a wannan aljihu akwai wata mai suna Fofiromonas jinjibalis, wadda ke da nata makamin na sauya arjinin ya koma sitrulin, wato da kanta take sauya tsaga. A 2016 kuma masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka kama wata ta biyu da wata dabarar. Ita guba take fitarwa, gubar ta huda jikin nutrofil, shi kuma cikin ruɗewa ya riƙa sauya tsagar kayan cikinsa da yawan gaske, sannan ya fashe ya zubar da su. Da suka gwada jinin masu amosanin rumatoyid, kusan rabinsu na ɗauke da shaidar sun taɓa haɗuwa da wannan guba, alhali a cikin masu lafiya kashi 11 ne kawai cikin ɗari.

Binciken da ya fi burge ni na wata likita ce, Dana Orange, a Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York. Cutar nan takan lafa ta kuma tashi, ba wanda ya san ranar tashinta. Sai likitar ta roƙi marasa lafiya su riƙa tsira yatsa a gida aƙalla sau ɗaya kowane mako, su ɗiga jini kaɗan a kwalba su aika mata. Akwai wanda ya yi shekara huɗu yana wannan, aka tara samfurin jininsa sau 364, cutar ta tashi masa sau takwas a tsakani. Ku dubi wannan haƙuri! A sakamakon da aka fitar a 2020, an ga cewa mako ɗaya zuwa biyu kafin ciwo ya taso rundunar masu ƙera makamai kan motsa, sannan wasu baƙin ƙwayoyi masu kama da na shimfiɗar gaɓa su bayyana a jini, da ciwon ya kankama kuma su ragu. Kamar hadari ne da ke haɗuwa a gabas kafin ruwa ya sauko. A 2023 ita da abokan aikinta na Jami'ar Stanford suka ƙara gano wani abu: masu amosanin da ke da ciwon dasashi, ƙwayoyin cutar bakinsu na yawan kutsawa cikin jini, ƙwayoyin na ɗauke da waccan sauyayyar tsaga, kuma makaman da jiki ya ƙera suna kama su kamar yadda suke kama naman gaɓa. Wato duk lokacin da bangon dasashi ya ɓalle, an sake buga wa rundunar gangar yaƙi.

A nan zan ja birki, don kada gobe wani ya tsaya a kasuwa ya ce rediyo ta ce wanke baki na warkar da amosani. Ban ce ba. Mutane da yawa na da ciwon dasashi ba su taɓa yin amosani ba, wasu kuma na da amosani bakinsu ƙalau. Gado na da hannu, taba na da hannu babba. An yi gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban inda aka kankare wa masu amosani haƙora aka tsabtace aljihunan dasashi, a da yawa daga ciki kumburin gaɓɓai ya ɗan sauka, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, na 'yan watanni. Abin da za a riƙe shi ne gyaran baki na rage wa jiki wuta ɗaya daga cikin wutar da ke ci, ba ya maye gurbin magani.

Maganin kuwa akwai shi, kuma a nan ne muka fi yin asara. Abin da aka saba shi ne a aiki yaro kyamis a ce a haɗo na ciwon jiki. A ƙullo ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, a ciki har da dikilofenak da deksametason, wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Ba shakka za a ji sauƙi a daren, shi ya sa ake komawa. Amma wata shida ana haka, fuska ta kumbura, sukari ya hau, hawan jini ya shigo, ƙashi ya yi rauni, ga gyambon ciki, ga ƙoda na wahala, gaɓɓan kuma na ci gaba da lalacewa a ɓoye. Ƙaho da sakiya su ma ba sa kaiwa inda cutar take, tunda ba mataccen jini ne ya taru ba, rundunar jiki ce ta juya wa gida baya. Magungunan da ke tsayar da ɓarnar su ne masu lallashin rundunar, babbansu metotireksit, wanda sau ɗaya ake sha a mako. A sake ji: a mako, ba kullum ba, wanda ya sha kullum zai iya rasa ransa. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, kuma sai da gwajin jini lokaci-lokaci, don haka ba maganin da za a saya a tebur ba ne. Wanda aka fara wa magani a watannin farko yakan tsira da hannuwansa. Yatsan da ya riga ya karkace kuwa ba ya miƙewa. Duk wadda ta yi mako shida gaɓɓanta na kumbura da sagewar safe, ta je babban asibiti mafi kusa ta nemi a tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Na san nisa, na san kuɗin mota, na san halin da hanya ke ciki. Maigida, lissafa abin da ka kashe a kyamis bara ka gani. In kun isa, ku nemi ɓangaren haƙori a duba bakin ma, tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu.

Gyaran bakin a gida ba shi da tsada. Asuwaki sunna ne, kuma yana aiki in an yi shi daidai. Kuskurenmu shi ne mu saƙala shi a baki muna hira, mu goge haƙoran gaba huɗu da mutane ke gani, mu bar turame da bayan haƙora. A tauna kan ya yi laushi kamar gashi, a bi gindin kowane haƙori inda ya haɗu da dasashi, ciki da waje, a yanke kan da ya tsufa. Mai buroshi ya sayi mai laushi, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da kuma kafin barci. In jini ya fito kada a daina, a ci gaba a hankali, yawanci cikin mako biyu zai tsaya. In bai tsaya ba, dutse ya riga ya kafu, sai ma'aikacin haƙori ya kankare. Kuma kankarewa ba ta sassauta haƙori kamar yadda ake yaɗawa, dutsen ne ya ɓoye ɓarnar da ta riga ta auku. Gawayi da toka da yashi suna goge ƙyallin haƙori su raunata dasashi. Mai ciki ta ƙara kula, don ciki na sa dasashi saurin kumbura, haka mai ciwon sukari. Mai shan sigari kuma kada rashin jini ya ruɗe shi, taba na matse jijiyoyin dasashi ta ɓoye alamar alhali ciwon na ci.

(Gajeren kiɗa)

Ba zan rufe ba sai na juyo kan yara, don mu a jihar Sakkwato jinin dasashi na da wata fuskar da ta fi amosani gaggawa. Ita ce cutar noma. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona, wasu na ce mata zaizayar baki. Da kumburin dasashi take farawa, ga yaro ɗan shekara biyu zuwa shida wanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Baki ya yi wari ƙwarai, miyau na zuba, yaro ya ƙi abinci, kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki wurin ya yi baƙi, nama ya zube, rami ya buɗe a fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, har tara cikin goma na iya mutuwa. Amma a matakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Ba iska ba ce, ba maita ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani. A cikin garin Sakkwato akwai asibitin yara na noma tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da shi tun 2014, magani da tiyata kyauta ne. Nijeriya ce ma ta jagoranci neman da ya sa a watan Disamba na 2023 aka shigar da noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci.

A nan malamai ke da rawar takawa. Mu da muka yi firamare da can mun tuna layin safe, malam na bi yana duba farce da kai da wuyan riga. Me zai hana a ƙara da buɗe baki? Minti biyar ne. Tun 2006 ƙasar nan ke da manufar kula da lafiya a makarantu, a rubuce. Amma in jami'an duba makarantu sun zo, rajista ake buɗewa, a duba tsarin darasi, a ƙirga kujeru, a sa hannu a tafi. Ina roƙonsu su ƙara tambaya ɗaya a takardarsu: yaushe aka duba bakin yaran nan, kuma wa aka tura asibiti? Abin da mai duba makaranta ke tambaya shi shugaban makaranta ke yi. Malaman allo da na Islamiyya, ku kuka fi kowa samun ƙananan yara, ku kuma kuka fi kowa sanin falalar asuwaki. Waɗanda ba su isa shiga makaranta ba kuwa, sai uwa da kaka.

Lokaci ya cimma mana. Iyaye mata na Fakku da kewaye, yau da dare kafin a kwanta, a kira yaran ɗaya bayan ɗaya, a haska tocilan, a ɗaga leɓe a duba. Wanda aka ga dasashinsa ya yi ja yana jini, a wanke masa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, gobe a kai shi asibitin sha-ka-tafi. Wanda bakinsa ke wari kuncinsa ya kumbura, kada a jira ranar kasuwa, a kama hanya da sassafe. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)